Lambar da ta ƙi rabuwa

Jama'ar Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan lissafi yake, don Allah kada a murɗa akwatin.

Goro 12 yana rabuwa daidai tsakanin mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida. Goro 13 kuwa, sai dai mutum guda ya kwashe, ko mutum 13 su ɗauki ɗai-ɗai, in ba haka ba sai an fasa. To, irin su 13 da 2 da 3 da 5 da 7, su ne lambobi marasa rabuwa. Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girkawa Yuklid ya kafa hujja cewa ba su da iyaka.

A cikinsu akwai wani dangi mai sunan Marin Mersenne, wani malamin coci na Faransa a ƙarni na 17. Ka jera biyu sau uku ka ninka su, takwas ke nan, ka cire ɗaya, saura 7. Ka jera sau biyar, 32, cire ɗaya, 31. Duka biyun ba sa rabuwa. Sharaɗin shi ne adadin jerin kansa ya zama mara rabuwa, amma wannan kaɗai bai isa ba. A jera sau 11 za a sami 2,047, wadda 23 sau 89 ce. Shi ya sa dole a gwada kowace.

A watan Oktoba na 2024, wani Ba'amurke, Luke Durant, da ke cikin GIMPS, shirin sa-kai na neman irin waɗannan lambobi da kwamfuta da aka fara a 1996, ya gano ta 52 da aka sani a dangin: biyu a jere sau 136,279,841, a cire ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Da zan karanta muku alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai mun wuce shekara da wata uku. Ta zarce wadda aka samu a 2018 da alƙaluma sama da miliyan 16.

Na san wani zai ce, wannan zai sa tuwo a kwano? Ita wannan ƙatuwar ba a kulle asusun kowa da ita. Amma wasu lambobi marasa rabuwa masu alƙaluma ɗaruruwa suna cikin makullan da ke tsare sirrin bankuna da saƙonni a intanet, saboda ninka manyan lambobi biyu abu ne mai sauƙi, gano su daga sakamakon kuwa jan aiki ne ko ga kwamfuta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke ce wa 'ya'yanmu lissafi ba namu ba ne, alhali Malam Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi da masana ke nazari har yau. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, wato KNUST, kuma ga ta nan kusa da mu, tana da sashen lissafi.

Iyaye da malamai, yau bayan sallar isha'i ku ba yara 8,191, wato biyu a jere sau 13 a ninka su a cire ɗaya. Su ɗauki biro da takarda su nemo abin da zai raba ta. Ku gaya musu in sun gwada marasa rabuwa har zuwa 89 ba su samu ba, sun kammala hujjarsu.