Idan Tauraro Ya Tsaya a Ƙofar Bariki

Assalamu alaikum. Na bayan can, ku matso kusa. Yau za mu yi magana a kan abin da ba kasafai ake koyarwa a filin fareti ba, wato yadda soja zai yi idan yana bakin aiki sai ga wani shahararren mutum a gabansa: mawaƙi, ɗan wasan fim, ɗan ƙwallo ko babban ɗan jarida.

Abin ya daɗe yana faruwa. A Amurka an kafa ƙungiyar USO a 1941 don kai wa sojoji masu nishaɗantarwa har inda suke, kuma a Fabrairun 1954 'yar fim Marilyn Monroe ta yi wasa sau goma cikin kwana huɗu a gaban sojojin da ke Koriya. Wani lokacin ma tauraron yana cikin kaki tare da kai. Mawaƙi Elvis Presley ya yi aikin soja daga 1958 zuwa 1960, mafi yawansa a Friedberg ta Jamus, ya fita da muƙamin saje.

To, mu koma bakin ƙofa, don nan ake yawan yin ɓarna. Sanin fuskar mutum a talabijin ba ya maye gurbin katin shaida. Ka tsayar da motar a inda ake tsayar da kowa, ka karɓi katinsa, ka duba ko sunansa na cikin takardar baƙin ranar. Idan babu, ka kira kwamandan gadi, shi ke da ikon cewa a shiga. Kada ka bar wajen tsayuwarka don ka raka kowa. Kuma ku lura, shi tauraron da wuya ya zama matsala. 'Yan rakiyarsa ne abin dubawa: direba, mai hoto, mai riƙe jaka. An rubuto mutum shida, sai ka ga tara. Ku ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya, ku dubi bayan mota. Yayin da idon masu gadi duka ya koma kan mutum ɗaya, lokacin ne na tara ɗin ke wucewa ba wanda ya tambaye shi.

Sarawa kuwa ta hafsoshi ce. Farar hula, komai sunansa, gaisuwar ladabi ta wadatar. Idan ya ce a ba shi bindiga ya riƙe a ɗauke shi hoto, kuma suna yawan roƙon haka, amsar ita ce a'a.

Yanzu hoto, inda nake so mu ɗan daɗe. Wayar hannu tana iya liƙa wa hoto bayanin ainihin wurin da aka ɗauke shi. Rundunar sojin Amurka da kanta ta ba da labarin cewa a 2007, a Iraƙi, sojoji sun ɗauki hotunan sababbin jirage masu saukar ungulu suka sa a intanet, abokan gaba suka karanta wurin daga hotunan, suka yi luguden wuta, jiragen Apache huɗu suka salwanta. Hoton da ke da tauraro ya fi wannan haɗari, domin naka mutum hamsin za su gani, nasa kuwa miliyoyi. Saboda haka a nemi izini tukuna, a kashe alamar wuri a waya, a juya wa bango baya, kada eriya, lambar mota, taswira ko ma'ajiyar makamai su fito. Kuma ba a sa hoton sai baƙon ya bar yankin.

Shi ma baƙon yana iya tona asiri ba da niyya ba. A 2003 ɗan jarida Geraldo Rivera ya zana taswira a kan yashi, kai tsaye a talabijin, yana nuna inda rundunar da yake tare da ita take a Iraƙi, dole ya bar ƙasar. Yarima Harry na Birtaniya kuma an janye shi daga aikin soja a Helmand ta Afganistan a farkon 2008, bayan kimanin mako goma, da zarar kafofin labarai sun fallasa cewa yana can, domin ya zama abin hari shi da duk wanda ke kusa da shi. Idan irin wannan mutum na cikin rundunarku, ko a wayar gida ba a ambaton sunansa.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.