Amsoshin Tambayoyinku: Shin Duk Kayan Waje Mai Araha Jibge Shi Aka Yi?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓo yau duk a kan magana ɗaya suka tsaya: kayan waje masu araha da ke kwararowa cikin kasuwannin ƙasashe masu tasowa, da abin da dokar cinikin duniya ta yarda a yi a kansu. Sai a gyara zama, don akwai ɗan lissafi a ciki.

Ta farko daga wani mai ƙaramar masana'anta ce. Ya ce: "Ana shigo da kaya irin nawa, ana sayarwa ƙasa da abin da nake kashewa kafin in haɗa nawa. Na ji an ce wannan jibge kaya ne, kuma doka ta hana. To me ya hana gwamnati ɗaukar mataki?"

To Alhaji, Allah ya kawo kasuwa. Amma zan fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba: araha ita kaɗai ba laifi ba ce. A ƙa'idar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, ana cewa kamfani ya jibge kaya ne idan ya sayar da su a ƙasar waje ƙasa da yadda yake sayarwa a ƙasarsa. Ka ga ke nan ba da farashinka ake auna shi ba, da nasa na gida ake aunawa. A ce kamfani yana sayar da wani kaya dala 100 a ƙasarsa, amma ya kawo muku a dala 80. Wannan giɓin na dala 20, wanda ya kama kashi 25 cikin 100 na farashin da ya fitar da kayan, shi ne jibgen, kuma harajin da za a ɗora ba zai wuce shi ba. Idan kuwa dala 80 yake sayarwa a gida da waje saboda lantarkinsa ba tsada, injinansa sababbi ne, to bai jibge komai ba, ya dai fi ka sauƙin aiki ne. In kuma ba ya sayarwa a gida, ko cinikin gidan bai isa a dogara da shi ba, sai a duba farashinsa a wata ƙasa ta uku, ko a lissafa kuɗin haɗa kayan a ƙara riba daidai misali.

Sannan dokar ba ta haramta jibge kaya kai tsaye ba, domin gwamnatoci take ɗaurewa, ba kamfanoni ba. Sashe na 6 na yarjejeniyar GATT ta 1947, wato babbar yarjejeniyar haraji da ciniki tsakanin ƙasashe, da yarjejeniyar da ta faɗaɗa shi lokacin da WTO ta fara aiki a 1995, dama suka ba ƙasar da aka cuta ta ƙara haraji a kan kayan. Kafin haka sai an tabbatar da abu uku: an jibge, masana'antun gida sun yi asara ta gaske ko suna gab da yi, kuma jibgen ne ya jawo asarar. A na ukun nan gizo yake saƙar. Idan rashin wuta ne ya durƙusar da kai, ko kuɗin ruwan banki, ko tsufan inji, ba a yarda a ɗora wa kayan waje wannan laifin ba. Fasa-ƙwauri ma maganarsa daban ce, don haraji ba ya kama kayan da ba su bi ta hannun kwastam ba.

Game da shirun gwamnati kuwa, galibi ba ita ke fara magana ba. Ku masu masana'anta ne za ku rubuta ƙorafi da hujjoji, kuma sai masu goyon bayansa sun kai aƙalla kashi 25 cikin 100 na abin da ake ƙerawa a ƙasar, sun kuma rinjayi masu adawa da shi. Bincike kan ɗauki shekara guda, ba ya wuce wata 18. In giɓin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, ko kayan ƙasar da ake zargi ba su kai kashi 3 cikin 100 na irinsu da ake shigowa da su ba, yawanci rufe fayil ake yi. In an ɗora harajin, shekara 5 ne wa'adinsa, sai dai in sabon nazari ya nuna cire shi zai maido da cutar. Shawarata, Alhaji, ku haɗa kai da 'yan'uwanka masu sana'ar, ku gyara littattafan lissafinku. Mai takarda ake saurara a wannan fage, ba wanda ya fi ɗaga murya ba.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce mai karatun tattalin arziki. Ta ce: "Malaminmu ya ce wannan doka makamin ƙasashe masu arziki ce da suke tare kayan matalauta da ita. Gaskiya ne?"

Malama, malaminku yana da gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Kanada ce ta fara kafa irin wannan doka a 1904, kuma har zuwa shekarun 1980 Amurka da Turai da Kanada da Ostareliya ne suka kusan mallake amfani da ita. Bayan 1995 sai labari ya sauya. Indiya ce yanzu ta fi kowace ƙasa buɗe irin wannan bincike, ga Brazil da Ajantina da Turkiyya da ita kanta Sin su ma suna cikin masu yawan amfani da ita. Sin ce kuma aka fi kai ƙara a kanta, yawanci a kan ƙarafa da sinadarai. Wato kaso mai yawa na rigimar yau tsakanin ƙasashe masu tasowa ne su ya su.

Inda nake tare da malaminku shi ne batun tsada. Ƙasar da ke son amfani da dokar sai ta kafa tata dokar ta cikin gida, da hukuma mai lauyoyi da akantoci waɗanda za su iya tashi su je har ƙasar da kayan suka fito su binciki littattafan kamfani, da alƙaluman kwastam da za a iya dogara da su. Shi ya sa a duk faɗin Afirka, Afirka ta Kudu da Masar da Maroko ne suka yi fice wajen amfani da ita, mafi yawan sauran kuwa ba su taɓa ɗora wannan haraji ba. Idan kuma kai ne ake tuhuma, nauyin ya fi haka. Za a aiko wa kamfaninka doguwar takardar tambayoyi, a ba ka wa'adin da ke farawa daga kwana 30, ka kawo lissafin kowane ciniki a tsarin da suke so. In ka kasa, sai su yanke hukunci da bayanan da ke hannunsu, waɗanda sau da yawa daga mai ƙararka suka fito. Babban kamfani zai ɗauki lauyoyi. Ƙaramin mai fitar da kaya sai dai ya haƙura da kasuwar. Masu kiwon kifi a Biyetnam sun ɗanɗana wannan a 2003, lokacin da Amurka ta ɗora wa kifinsu irin wannan haraji.

Akwai sashe na 15 na yarjejeniyar, da ya ce ƙasashe masu arziki su duba halin masu tasowa, su nemi wata mafita kafin su ɗora haraji. A ganina wannan sashe ya fi kama da nasiha a kan umarni. Duk da haka ba a rasa nasara ba. Indiya ta kai Tarayyar Turai ƙara a kan harajin da Turai ta ɗora wa zanen gadon Indiya, ta kuma yi nasara a 2001, aka ce dabarar lissafin da Turai ta bi, ta share cinikin da aka yi a farashi mai kyau ta ƙirga na farashi mai araha kawai, ta saɓa doka. A 2004 Bangaladesh ta zama ƙasa ta farko daga rukunin mafi ƙarancin ci gaba da ta shigar da ƙara a WTO, a kan harajin da Indiya ta sa wa batiran Bangaladesh, daga baya aka janye harajin aka sasanta. Akwai ma wata cibiya a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan da aka buɗe a 2001 don ba ƙasashe masu tasowa shawarar lauyoyi cikin rahusa. Sai dai tun Disamban 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta daina zama, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai, don haka wanda ya faɗi shari'a yana iya ɗaukaka ƙara zuwa inda babu mai saurare.

Wani mai sauraro ya tambaya a taƙaice: "In gwamnatin wata ƙasa ce ke biya wa kamfanoninta wani ɓangare na kuɗin aiki fa?"

Malam, wannan tallafi ne, kuma maganinsa daban. Ƙasar da aka cuta tana iya ɗora harajin da zai goge tallafin, bayan bincike irin wancan. Amma harajin kasuwarka ta gida kaɗai yake karewa. Manoman auduga na Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali a kasuwar duniya suke sayarwa, saboda haka lokacin da tallafin Amurka ya danne farashi, babu harajin da zai cece su, sai kuka suka kai taron WTO na birnin Kankun na ƙasar Meziko a 2003. Brazil ce mai ƙarfin zuwa shari'a. Ta shigar da ƙara a 2002, ta yi nasara, amma sai a 2014 aka rufe maganar, bayan Amurka ta amince ta biya dala miliyan 300.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda ba ta buƙatar a ce wani ya yi ha'inci. Idan kaya suka yi ambaliya ba zato har masana'anta ta kama hanyar rushewa, ana iya ɗaukar matakin kariya na wucin gadi a kan kayan duk inda suka fito. Shekara 4 ne, ana iya ƙarawa zuwa 8, ƙasa mai tasowa kuma har 10.

Ta ƙarshe daga wata uwar iyali ce, kuma ita ce ta fi burge ni. Ta ce: "Ni dai mai saye ce. In an ɗora wannan haraji, wa zai biya?"

Hajiya, ke ce. Ɗan kasuwar da ya shigo da kayan ne ke biyan kwastam, shi kuma ya ƙara a farashi. In ƙarfe ne ko sinadari, to masana'antun gida da ke aiki da su ma sun shiga ciki, kuma wani lokaci ma'aikatansu sun fi na wanda aka kare yawa. Yarjejeniyar WTO ba ta tilasta a auna muradin mai saye kafin a ɗora harajin ba. Tarayyar Turai dai takan duba muradin jama'a baki ɗaya, wasu ƙasashe kuma sukan sa harajin da bai kai giɓin ba in ƙaramin ya isa ya share asarar.

Dubi abin da ya faru a Afirka ta Kudu. A shekarar 2000 ta ɗora haraji a kan yankan kaji masu ƙashi daga Amurka, inda masu saye suka fi son ƙirji, ana fitar da cinyoyi waje da araha. Masu kiwon kaji na gida suka samu sa'ida, masu ƙaramin ƙarfi kuma suka rasa nama mai sauƙin kuɗi. A 2015 Amurka ta yi barazanar janye wa kayan gonar Afirka ta Kudu rangwamen shirin AGOA, wato shirin shigar da kayan Afirka Amurka ba haraji, dole aka yarda tan 65,000 su riƙa shigowa duk shekara ba tare da wannan haraji ba. Gaba kura baya siyaki ke nan ga gwamnati. Shi ya sa ni dai ba na tafa wa irin wannan haraji sai na ji abin da masana'antar za ta gyara a cikin shekara 5 ɗin da aka ba ta, don wasu da zarar wa'adi ya matso sai su koma neman ƙari, injinan kuwa na nan yadda suke.

Lokaci ya cimmana. Wanda ya tambaya game da kaya marasa inganci, wannan aikin hukumomin kula da ingancin kaya ne, kuma za mu ɗauko wasiƙarsa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.