Darasi: Masu cafke ƙwallo ba aiki ɗaya suke yi ba

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau za mu sake leƙa ƙwallon Amurka, waccan da ake jefawa da hannu. Wani mai sauraro ya tambaye ni, wai shin wanda ya fi cafke ƙwallo da yawa shi ne ya fi kowa iya wasa? To malam, ba lallai ba, kuma da ƙungiya ɗaya zan nuna maka dalili.

Ka fara riƙe wannan: kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, kuma masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. Mai jifa, wato kwatabak, shi ke rarraba ƙwallo, masu cafkewa kuma kowa da gurbinsa.

Akwai wanda masu horarwa ke kira X. Yana tsayawa can gefe shi kaɗai, ƙafarsa a kan layin fara wasa, mai tsaronsa na gabansa kamar ya shaƙi numfashinsa. Doka ta yarda mai tsaron ya ture shi a cikin yadi 5 na farko, saboda haka ake son dogo mai ƙarfi a nan. Z yana ɗaya gefen, ya ɗan ja baya daga layi, kuma an yarda ya yi motsi kafin a saki ƙwallo. Na uku shi ne ɗan tsakiya, mai tsayawa a lungun da ke tsakanin na gefe da ƙattin layi, wato manyan 'yan wasan da ke kare mai jifa.

Mu ɗauki New England Patriots ta 2007, lokacin da Tom Brady ke kwatabak ɗinta. Randy Moss, mai tsawon ƙafa 6 da inci 4, yana gefe. Wes Welker, ƙafa 5 da inci 9, yana tsakiya. Welker ya cafke ƙwallo 112, Moss 98. In ka tsaya nan sai ka ce Welker ne gaba. Amma Moss ya ci yadi 1,493, Welker 1,175, kuma Moss ya kai ƙwallo gidan maki sau 23, tarihin da ya kafa a shekarar.

Yanzu ku dubi abin da ke faruwa a fili. Moss ya zuba da gudu zuwa can ƙarshe. Mai tsaro ɗaya ba ya iya masa, dole mai tsaron baya ya bar wurinsa ya je taimako. Mutum biyu kenan sun bi mutum ɗaya, tsakiyar fili ta zama wayam. Welker sai ya taka yadi biyar ko shida, ya kalli mai tsaronsa: in ya karkata ciki, ya juya waje, in ya karkata waje, ya yanka ciki. Kafin ka ƙifta ido ƙwallo na hannunsa. Amma fa yana cafkewa ƙato zai daka shi, domin nan ne mahadar manyan masu tsaro. Ni dai a ganina aikin ɗan tsakiya ya fi ciwo, na ɗan gefe ya fi suna.

'Yan Patriots sun ci wasanninsu 16 duka a kakar, Brady ya yi jifa 50 na maki. Sai ga wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2008 da New York Giants. Su Giants suka gane cewa doguwar jifa tana son lokaci, sai suka hana Brady sakat, suka kayar da shi sau 5 da ƙwallo a hannu. Moss yana can nesa yana ɗaga hannu, ba halin jefa masa. Brady ya koma kan gajerun jifa, Welker ya cafke 11 a daren, Moss 5 kacal. Aka tashi 17 da 14, Giants suka ɗauki kofi.