Makullin mota ya ɓace ko ya karye: yadda ake yanko wani a Jos

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi makullan nan biyu da ke kan tebur. Na hagu na Peugeot 504 ne, irin motocin da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Ƙarfe ne zalla, daga kai har haƙora. Idan ka kai shi wajen mai yankan makulli a kusa da Terminus, kafin ka gama shan shayi ya yanka maka irinsa, kuma zai tayar da mota. Na dama kuwa na Toyota ne, mai baƙin kai na roba. Shi ma za a iya yanka irinsa, ya shiga, ya juya, fitilun dashbod duk su kama, amma injin ya ƙi tashi. Mutane da yawa a garin nan sun yi asarar kuɗi a daidai wannan gaɓa, har wasu suka canja batir da fulogi alhali lafiyarsu ƙalau.

Bari mu fara da ƙarfen. Ga makwancin makulli nan an ciro shi daga jikin sitiyari, an buɗe cikinsa. Kun ga waɗannan 'yan falle-fallen tagulla da aka jera, kowanne da ɗan sifirin a gefensa? Idan babu makulli a ciki, sukan leƙo waje su tokare, sai makwancin ya kasa juyawa. Haƙoran makulli su ne ke janyo kowane falle ya koma daidai da ɗan'uwansa. Ɗaya tak ya saɓa, ba zai juya ba. Shi ya sa makullin da ya sha shekaru har haƙoransa suka side yake fara gardama, sai an jijjiga shi, sai an ɗan janyo shi baya. Idan ka kai irin wannan aka kwafa, an kwafo har da sidewarsa. Gwanin mai yanka ba ya bin ƙarfen ido rufe. Yana auna zurfin kowane haƙori, ya gano yadda kamfani ya yanka shi tun farko, sannan ya yanka a kan wannan awon.

Yanzu ga kan robar an tsaga shi. Wannan ɗan baƙin abin da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, shi masu sana'ar ke kira cip. Ba shi da batir. A bakin ramin makulli akwai wani zobe da aka naɗe da siririyar waya. Da ka juya makulli, zoben zai aika wa cip ɗin ɗan ƙarfin lantarki ta iska, shi kuma ya mayar da lambarsa. Ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira biren bos, ta duba ko ta san lambar. Idan ta sani, ta saki mai da wuta. Idan ba ta sani ba, ta hana. A motocin Honda da yawa za ku ga hoton koren makulli yana ta ƙiftawa a dashbod, wasu motocin kuma jar fitila ce. Wannan ƙiftawar tana nufin motar ba ta gane makullin da ke jikinta ba.

An fara yawaita sa wannan tsaro a tsakiyar shekarun 1990, kuma daga 1998 ya zama dole ga sababbin motoci a Jamus da Ingila. Amurka ba ta wajabta shi ba, don haka akwai motocin Hyundai da Kia da aka sayar a can tsakanin 2011 da 2021 waɗanda babu cip a makullinsu. Tunda motocinmu 'yan Kwatano ne da 'yan Beljiyom, wata daga Turai wata daga Amurka, shekarar mota kaɗai ba za ta gaya maka komai ba. A Toyota, duba jikin ƙarfen kusa da roba: za ka iya ganin ɗigo, ko harafin G, ko harafin H. Kowanne cip ɗinsa daban, kuma na G ba ya aiki a motar H. Rimot ma haka ne, na Amurka a kan mitar rediyo 315 yake magana, na Turai a kan 433. Kamanninsu ɗaya a ido, amma motar ba za ta ji wanda ba nata ba.

To, me za ka yi idan abin ya same ka?

Idan karyewa ya yi a cikin rami, don Allah kada ka ɗiga gam domin ka manno guntun. Na ga motar da aka yi wa haka a Farin Gada, gam ɗin ya bi ya daskare falle-fallen nan duka, aikin minti goma ya koma na canja makwanci gaba ɗaya. Kada ka yi ta zungura da waya ko tsinken tsire, ciki kake ƙara tura shi. Mai sana'a yana da 'yar siririyar ƙugiya da yake zaro shi da ita. Ka adana guntayen biyu, musamman kan robar, domin cip ɗinka na nan da ransa. Sabon ƙarfe za a yanka, a mayar da tsohon cip cikin sabon kwanso, shi ke nan. Wannan shi ne aiki mafi sauƙin kuɗi a duk abin da za mu ambata.

Idan kuma juyawa ya ƙi yi, fara kama sitiyari ka motsa shi hagu da dama kana juya makullin a hankali. Sau da yawa makullin sitiyari ne ya ɗaure saboda taya ta jingina da dakali. Kada ka zuba baƙin mai a ramin. Ƙurar hunturun Jos za ta haɗu da man ta zama laka a ciki. Garin bakin fensir ya fi. Kuma a rage wa makullin mota nauyi. Tarin makullan gida da na shago da ke lilo a jikinsa suna cinye makwancin sannu a hankali.

Mai makulli ɗaya a hannu da yake son ƙari, nasa mai sauƙi ne. Za a yanka ƙarfe, sannan a jona na'ura a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 take da ita, a gabatar wa ƙwaƙwalwar mota sabon cip. Masu Peugeot 406, ku nemi ɗan katin da ya zo da motar, akwai lambar sirri mai gurbi huɗu a jikinsa da ake bukata wajen wannan aikin. Masu tsofaffin Toyota kuma ku lura da launi: baƙin makulli shi ne uba, mai ruwan toka na yaron mota ne, yana tayar da inji amma ba a ƙara wani makulli da shi.

Babbar wahala tana kan wanda makullinsa ɗaya tilo ya ɓace, kuma yawancin motocin da ake shigowa da su da ɗaya suke zuwa. Motar ba ta motsi, sai dai a kira janwe ko a ɗauko mai aikin ya zo inda take. Babu abin kwafa, sai ya karanto awon daga makwancin ƙofa. A wasu tsofaffin Toyota sai an ciro ƙwaƙwalwar an goge ta an sake rubuta mata. Mercedes kuwa, mai makullin da babu haƙora, ba kowane shago ke taɓa ta ba. Kwana ɗaya ko biyu na iya tafiya, kuɗin kuma ya ninka na sifeya sau da yawa.

Ka tafi da takardun mota da katin shaidarka. Idan mai shago ya ce, “Alhaji, a yi haƙuri, sai na ga takardu,” kada ranka ya ɓaci. Zai gwada lambar shasi mai gurbi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da wadda ke jikin takarda. Ni dai na fi amincewa da wanda ya tambaya. Wanda bai tambaye ka ba, gobe ba zai tambayi wanda ya zo da motarka ba.

Akwai abin da nake roƙo ku ƙi. Wani mai wayarin zai ce, “Oga, mu cire sakiyuritin kawai,” ko ya liƙa cip ɗin a jikin zoben da salatif domin kowane ƙarfe ya tayar. Yana aiki, yana da araha, amma motarka ta koma kamar 504 ɗin can, duk wanda ya samu ƙarfen da ya juya ya tafi da ita. Idan kuma sace makullin aka yi, ka sanar da 'yan sanda, ka ce a goge tsohon daga ƙwaƙwalwar mota. Sai dai gogewa ba ta hana tsohon ƙarfe buɗe ƙofa, don haka makwancin ƙofa ma yana son canji.

Kafin ka biya, gwada sabon a ƙofar direba, a but, a sitiyari. Tayar da inji sau uku, ka bar shi ya yi minti biyu yana aiki, ka tabbata fitilar tsaro ta mutu. Ka nisanta tsohon makullin daga motar lokacin gwaji, domin idan yana kusa da zoben, shi motar za ta ji ba sabon ba. Gwada tsohon shi ma, kada a ce an goge shi garin ƙara sabo. Idan ka isa gida, sifeyar ta shiga durowa tare da takardun fili, kada ta kwana a aljihun mota.