Darasi: Abin da Sojan Ƙasa Zai Yi Idan Igwa ko Morta Ta Fara Sauka

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasin yau na 'ya'yana ne sojojin ƙasa, musamman kurata da ba su daɗe da fitowa daga Daffo ta Zariya ba. Ni tsohon samanja ne, ina cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ECOMOG, a Laberiya lokacin da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka auka wa Monrovia a watan Oktoba na 1992. A can na ji saukar morta da kunnena, abin da na koya kuma shi nake so in ba ku tun ina da sauran numfashi.

To, mu fara da sanin abin da ke faɗo maka. Akwai igwa, wadda ake kira atilare, mai bakin milimita 105 ko 122 ko 155. Ta Rasha ɗin nan D-30 tana jifa har kilomita 15. Akwai kuma morta, bututun ƙarfe ne a kan faranti, ta baki ake zura mata bom. Sunan nata ma a Turanci turmi yake nufi. Tana da mai milimita 60, da 81 ko 82, da babbar mai 120. Mai 81 tana kai wajen kilomita 5. Halinta shi ne ta cilla bom sama can, ya juyo ya sauko kusan a tsaye, saboda haka tudu ko katangar da za ta tare maka harsashin bindiga ba lallai ta tare maka ita ba. Kuma ba ta cika yin dogon fito kafin ta iso ba. Sau da yawa fashewar farko ita ce sallamarta.

Da ka ji fito, ko ka ji fashewa, ko wani ya yi ihun gargaɗi, ka faɗi. Nan inda kake, rub da ciki. Kada ka tsaya waige-waige kana neman daga ina ta zo. Yawanci abin da ke kashe mutum ɓarɓashin ƙarfen kwanson ne, idan bom ya bugi ƙasa kuwa ɓarɓashin nan sama da gefe yake watsuwa. Mutumin da ke tsaye ya miƙa masa jikinsa duka. Wanda ya kwanta ya rage masa wurin shiga ƙwarai. Fuska a ƙasa, hular kwano a ɗaure, hannu ya kare wuya, ƙafafu a haɗe, baki a ɗan buɗe saboda ƙarfin iskar fashewa, bindigarka a jikinka. Idan da kwata ko lambatu ko kwarin kunyar gona a taku biyu ko uku, mirgina ka shige. Taƙi ɗaya na zurfi ma riba ne. Kana faɗuwa kana ɗaga murya don na bayanka ya ji.

Akwai wani yaro da muke tare a Monrovia, farabiti, ɗan kirki mai ladabi. Bom na farko ya faɗi nesa da mu, kowa ya kwanta, shi kuwa tsoro ya ɗauke shi ya miƙe da gudu. Na biyu ya same shi a tsaye. Allah ya jiƙansa. Har yau idan na tuna zuciyata takan yi nauyi, shi ya sa nake nanata maganar faɗuwar nan. A maimaita ta a filin atisaye har jiki ya riƙa yin ta kafin tunani ya zo.

Yauwa. Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne sosai, 'ya'yana. Igwa makauniya ce. Mai harba ta yana can bayan kilomita da yawa, ba ya ganinku. Ɗan jagora gare ta: wani yana kan tudu, ko saman bene, ko kan bishiya da madubin hangen nesa da oba-oba, yana cewa a ƙara gaba, a rage baya. A yau ma jirgi maras matuƙi ne ke yin aikin, kamar yadda ake gani a yaƙin Yukren tun 2022. Idan ka ga ɗaya ta faɗi gabanku, an ɗan jima wata ta faɗi bayanku, to ana auna ku ne, ana neman tsakiya. Abin da zai biyo baya luguden wuta ne na dukkan bindigogin. Ɗan tsakanin nan da suke gyara saiti, shi ne damarku.

Saboda haka idan a fili wuta ta same ku kuna tafiya, ba ku da rami, kwanciyar ta ɗan lokaci ce. Kofur ko saje ko laftanar, duk wanda ke riƙe da mutane, ya ba da umarni gajere: wace fuska, mita nawa. Da agogo ake faɗa, gabanku ƙarfe 12, damanku ƙarfe 3. Ya ce, misali, ƙarfe 3, mita 300. Kowa ya maimaita da ƙarfi, a tashi a ruga. Ka ji wata na zuwa, ka sake faɗuwa, ta fashe, ka tashi. Shugaba kuma ya zaɓi wurin da zai raba ku da idon ɗan jagoran nan, kwari ko bayan gini ko kurmi, don in kun yi gudu a sarari yana kallo, wutar ce za ta bi ku.

Kada ku cure wuri ɗaya. Na san tsoro yana jan mutum kusa da ɗan'uwansa, amma bom ɗaya ya isa mutum biyar da suka taru. A bar tazarar mita 10 ko fiye. An isa mahaɗa, saje ya ƙirga kawuna da makamai, a sanar da na sama ta oba-oba: ga wurin, ga lokacin, ga fuskar da ake jin tashin harbin.

In kuwa kuna cikin ramin da kuka haƙa, maganar ta juya: zauna daram. A yaƙin Somme a Faransa, 1916, Ingila ta kwana 7 tana ruwan wuta a kan Jamusawa, harsasan igwa fiye da miliyan 1. Jamusawan suna ƙarƙashin ƙasa cikin ramuka masu zurfi, da yawansu ko ƙwarzane ba su yi ba. Da wutar ta ɗauke ranar 1 ga Yuli, suka fito suka kafa bindigoginsu masu ruwan harsashi, a ranar kaɗai Ingila ta yi asarar mutum fiye da 57,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace ko aka kama. Ka ga abu biyu a nan. Rami yana ceton rai, don haka duk inda aka ce a tsaya, shebur kafin abinci, a yi wa ramin rufi da itace da buhunan yashi, ƙasar sama ta kai kamar santimita 45. Sannan shirun da ke biyo bayan luguden wuta sau da yawa alamar maharan sun taso ne. Wuta na ɗaukewa, ɗaga kai, bindiga ta fuskanci inda aka ba ka tsaro.

Rufin nan yana da wani dalili. Akwai bom da aka yi shi ya fashe a sama ya zubo ƙarfe ƙasa. Bishiya ma tana sa haka. A dajin Hürtgen na Jamus a 1944, sojojin Amurka sun tarar harsasai suna fashewa a kan rassa, wanda ya kwanta shimfiɗe ya fi shan ɓarɓashi, sai suka koma tsugunawa a jikin kututture, hular kwano tana sama. Idan kurmi mai dogayen itatuwa kuke, ku riƙe wannan.

Sai mai rauni. Kada mutum huɗu su ruga kan mutum ɗaya ana tsakiyar wuta. Idan yana da hankalinsa, a yi masa magana ya ɗaure kansa, ya ja jiki zuwa mafaka. Jinin da ke tsartuwa daga hannu ko ƙafa yana iya kashe mutum cikin 'yan mintuna, don haka maɗaurin tsayar da jini ya kasance a wuri ɗaya a jikin kowa, inda kowane hannu zai kai. A ɗaura shi sama da raunin, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. A duba hammata da cinya da baya, ɓarɓashi ƙofarsa ƙarama ce, ɓarnarsa tana ciki. Wanda kuma ya tashi a ruɗe, kunnensa na jini, ba ya jin kira, a riƙe shi a kai shi wurin likita ko da ya ce lafiyarsa lau.

Bayan an lafa za ku iya ganin bom da bai fashe ba, wutsiyarsa a waje, kansa a cikin ƙasa. Kada a taɓa, kada a jefe shi da dutse, kada a ɗauka a kai wa oga ya gani. A sa alama daga nesa, a hana yara da manoma da makiyaya kusantarsa, a kira masu kwance bom. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan haƙan ramin kansa, tsawonsa da zurfinsa da yadda ake ɗora rufin. A huta lafiya.