Kan Sarkin Lokacin Yaƙi da Ambulan da Ke Ɗauke da Shi: Laccar da Aka Gabatar a Wata Makarantar Sakandare da Ke Yankin Malam Madori

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, shugaban makaranta, malamai, iyayena dattawa da kuma 'ya'yana ɗalibai, ina gode muku da kuka bar ayyukanku a wannan lokaci na kaka kuka zo sauraron magana a kan 'yar takardar da faɗinta bai wuce babban ɗan yatsa ba.

Sunan da muke kiran wannan takarda da shi, wato kan sarki, shi kansa tarihi ne. Ingila ce ta fara fitar da ita a shekarar 1840 da hoton kan Sarauniya Biktoriya, Arewacin Nijeriya kuma ta samu nata a 1900, sannan bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka fitar da mai ɗauke da sunan Nijeriya da kan Sarki Joji na Biyar. A lokacin zaman lafiya ana buga kan sarki a tsanake, dubu bisa dubu, duk iri ɗaya. Amma idan yaƙi ya ɓarke, hanya ta yanke, ko gari ya faɗa hannun wata hukuma, sai ma'aikacin gidan waya ya wayi gari da mutane a bakin kanta suna son aika wasiƙa, shi kuwa abin da ke cikin akwatinsa ko dai ya ƙare, ko kuma yana ɗauke da sunan gwamnatin da aka kora jiya. Dabarar da ake yi a irin wannan hali ita ce ke haifar da abin da muke kira kan sarki na wucin gadi, kuma saboda kaɗan ake yi, na ɗan lokaci, shi ya sa masu tarawa suke nemansa ruwa a jallo.

Wanda ya fi suna a duniya shi ne na garin Mafekin a Afirka ta Kudu, inda aka yi wa Turawan Ingila ƙawanya har kwana 217, daga 1899 zuwa 1900, suka yi nasu kan sarkin ta hanyar wankin hoto, shuɗi, ɗaya da yaro a kan keke, ɗaya da kan kwamandansu Baden-Powell. Ba zan daɗe a nan ba, domin akwai wanda ya fi kusa da mu.

Lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, Kamaru da Togo suna hannun Jamus, kuma kan sarkinsu yana ɗauke da hoton jirgin ruwan Sarkin Jamus. Togo ta faɗi tun cikin watan Agusta na wannan shekara, aka ɗauki kan sarkin Jamus da aka tarar aka buga masa rubutu a kai mai nuna cewa Ingila da Faransa ne suka mamaye ƙasar. Kamaru kuwa ta ba da wuya. An ci Duwala a Satumba 1914, an ci Garwa a Yuni 1915, amma dutsen Mora bai miƙa wuya ba sai Fabrairu 1916, kuma cikin sojojin Nijeriya da suka yi wannan gumurzu akwai Hausawa masu yawa. A 1915 aka ɗauki kan sarkin Jamus na Kamaru aka buga masa haruffa uku, C.E.F., alamar rundunar da ta shiga ƙasar, a ƙarƙashinsu kuma aka sa sabon farashi da kuɗin Ingila. Kuɗin Jamus na lokacin su ne fenik da maki: mai fenik goma ya koma kwabo, mai talatin ya koma taro, mai hamsin ya koma sisi, mai maki ɗaya ya koma sule. Dattawan da ke nan sun san waɗannan kuɗaɗe. Idan mutum ya sa gilashin ƙara girma a kan irin wannan kan sarki, zai ga jirgin Sarkin Jamus yana nan daram a ƙasa, rubutun wanda ya ci shi da yaƙi kuma yana zaune a kansa, ƙasa biyu a kan takarda ɗaya.

Na uku ya faru a cikin gidanmu, kuma ina ambatonsa da nauyin zuciya, domin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. A ɓangaren da ya ɓalle an ci gaba da amfani da kan sarkin Nijeriya, da ya yi ƙaranci sai aka riƙa buga hatimi a kan ambulan mai nuna cewa an biya kuɗin aikawa, sannan a 1968 aka fitar da masu sunan Biyafara, har da na Nijeriya da aka buga wa kalmomin “Sovereign Biafra” a kai. Sabo fil wanda bai taɓa hawa ambulan ba yana samuwa a hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje. Abin da ke da wuyar samu shi ne wanda wani mutum ya liƙa, aka buga masa hatimi, ya bi hanya a tsakiyar yaƙi ya isa hannun mai shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato ambulan. Rubutun da ake bugawa a kan kan sarki ba shi da wuyar kwaikwayo, kuma an daɗe ana yin jabunsa, domin duk mai ƙaramin injin ɗab'i zai iya sa haruffa uku a kan takarda mai araha ya sayar da ita da tsada. Ambulan ita ce shaida. A jikinta ake ganin hatimin garin da wasiƙar ta tashi da ranar da ta tashi, a bayanta ake ganin hatiman garuruwan da ta ratsa, sai a duba ko ranar ta dace da lokacin da aka yi amfani da wannan kan sarki, ko kuɗin da aka liƙa ya yi daidai da nisan tafiyar. Duk wanda ya yage kan sarki daga ambulan ya raba mai da'awa da mai shaidarsa.

Ni kaina na yi irin wannan ɓarna, kuma har yau tana yi mini ciwo. Ƙanen kakana yana cikin waɗanda aka kai ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu, inda runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japan. Wasiƙunsa suna cikin adakar kakata, an naɗe su a tsohon ɗankwali tare da kwalbar turare. Ina ɗan makaranta na buɗe su ina neman kan sarki, sai na tarar yawancinsu babu, domin soja a fagen fama ba ya liƙawa, ana rubuta cewa yana bakin aiki ne, sai hatimin gidan wayar soja da na jami'in da ke tace wasiƙu. Na ɗauka ba su da amfani, na bar su a kan ƙasa a bayan tukunya, damina ɗaya gara ta gama da su. Guda ɗaya tak ta tsira, ita ce wannan da ke hannuna. Adireshin da boko aka rubuta shi, amma a kusurwar hagu wani ya ƙara sunan kakana da ajami, kuma ina kyautata zaton wanda ya karɓo ta daga tasha ne ya yi hakan don kada ya manta gidan da zai kai.

Ku tuna cewa layin dogo da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da nan Malam Madori ya isa Nguru a 1930, kuma a wancan zamani jirgin da ke kwasar gyaɗa shi ne ke sauke buhun wasiƙu. Saboda haka ba zan yi mamaki ba idan a gidajenku akwai irin wannan ambulan a ƙarƙashin kayan tsofaffi. Idan kun samu, kada ku jiƙa ta, kada ku sa mata salatif ko gam, kada kuma ku kai ta shagon da ake rufe takardu da leda mai zafi, domin wannan ba ya warwaruwa. Ku sa ta tsakanin farar takarda mai tsabta, a cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da bango mai laima, ku riƙa dubawa bayan kowace damina. Ku ɗauki hoton gabanta da bayanta da waya. Sannan ku zauna da tsohuwar gidan tun tana da rai, ku tambaye ta wane ne ya aiko, wa ya karanta musu, ku rubuta amsar a wata takarda daban, ba a jikin ambulan ba. Idan baƙo ya zo yana tayawa, kada ku yi gaggawa, ku fara shawara da dangi, domin ba ta mutum ɗaya ba ce.

Yanzu zan miƙa wa malamin tarihi wannan ambulan ya zagaya da ita layi-layi. Ina roƙonku ku bar ta a kan allon da na ɗora ta, ku dubi hatimin mai tacewa da ke gefe, sannan ku dubi ajamin da ke kusurwa, wanda tawadarsa ta koma ja saboda daɗewa.