Sharhi: Cristiano Lucarelli, mai lamba 99 da ya sayi rigar garinsu

Jama'a masu sauraro barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a Italiya zai tsaya, kan wani ɗan wasan gaba da matasan yanzu ƙila ko sunansa ba su taɓa ji ba, amma duk wanda ya kalli gasar Serie A wajen 2005 ba zai manta da wani ƙaton mutum mai lamba 99 a baya ba, wato Cristiano Lucarelli na Livorno.

An haife shi ranar 4 ga Oktoban 1975 a Livorno, garin tashar jiragen ruwa a yankin Tuscany, kuma babansa a tashar yake aiki. Garin nan fa ku riƙe shi da kyau don shi ne labarin gaba ɗaya. A Livorno aka kafa jam'iyyar kwaminisanci ta Italiya a 1921, gari ne na leburori da 'yan dako, kuma su magoya bayan kulob ɗin garin har yau da jar tuta suke shiga filin wasa. A cikinsu Lucarelli ya taso, yana yaro yana tsayuwa a bayan raga yana ihu, kafin ma a san zai zama ɗan ƙwallo.

To amma bai fara da bugawa garinsu ba, yawo ya fara yi. Daga ƙaramin kulob Cuoiopelli ya je Perugia, sai Cosenza, sai Padova, sai Atalanta, a 1998 ya tsallaka Sifaniya ya je Valencia lokacin Claudio Ranieri na koci, can ma bai wani buga sosai ba ya dawo gida ya yi kaka biyu masu kyau a Lecce, daga nan Torino inda abubuwa suka ƙi tafiya. Shekara ɗaya nan, biyu can. Irin 'yan wasan nan ne da kowane kulob mai gudun faɗuwa yake so, ga jiki ga iya sa kai ga bugun fenariti, amma manyan kulob ba sa waiwayarsu.

Akwai abin da ya faru a 1997 da ya bi shi har ƙarshen wasansa. Tawagar Italiya ta 'yan ƙasa da shekara 21 ta zo buga wasa da Moldova a filin Livorno, ya ci ƙwallo, sai ya ruga gaban mutanensa ya ɗaga riga, a ciki akwai wata rigar mai hoton Che Guevara. 'Yan garin suka haukace da murna, manyan hukumar ƙwallo kuwa abin bai musu daɗi ba, kuma ana yawan cewa wannan na cikin abin da ya sa babbar tawaga ta daɗe ba ta kira shi ba.

A 2003 ne ya yi abin da ya sa muke maganarsa yau. Yana Torino da albashinsa mai tsoka, Livorno kuma tana rukuni na biyu wato Serie B ba ta da kuɗin biyansa, sai ya ce shi dai a bar shi ya tafi gida. Kuɗin da ya haƙura da su sun kai lira biliyan 1, kusan Yuro dubu 500 kenan, wanda a lokacin ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ɗan wasa irinsa. Abin da ya faɗa da ya yi ta yawo a jaridu shi ne, wasu 'yan wasan da biliyan ɗinsu Ferrari suke saya ko jirgin ruwan shaƙatawa, shi kuwa rigar Livorno ya saya da nasa. Lambar 99 ɗin ma ba haka kawai ya ɗauka ba, ƙungiyar 'yan ga-ni-kashe-nin magoya bayan kulob ɗin, Brigate Autonome Livornesi, a 1999 aka kafa ta.

Kai jama'a, sai ƙwallaye suka ɓalle. Kakar 2003-04 ya zura 29 a Serie B, shi da dattijo Igor Protti a gaba, Walter Mazzarri na koci, Livorno ta hau Serie A bayan shekara 55 rabonta da ita. Kaka mai zuwa kuma ya ci 24, ya fi kowa a gasar baki ɗaya, Alberto Gilardino na Parma na biye da shi da 23. Ku tuna fa wannan gasa ce da Shevchenko yake ciki, ga Adriano a ganiyarsa, ga Totti ga Del Piero ga Ibrahimovic, amma ɗan kulob ɗin da ya hau jiya-jiya ya kere su duka. Ya ƙara 19, ya ƙara 20 a kakanni biyu na gaba, har Livorno ta buga gasar cin kofin UEFA a 2006-07, duk da dai badaƙalar Calciopoli, wato ta maguɗin zaɓen alƙalan wasa, da ta sa aka hukunta manyan kulob ita ta ɗaga su a teburi. Tawagar ƙasa kuwa wasa 6 kacal ya samu, ya ci 3, kuma Marcello Lippi bai tafi da shi Jamus ba a 2006 da suka ɗauko kofin duniya.

Da a nan labarin ya tsaya da ya yi daɗin ji. Amma a 2007 zama ya yi tsami tsakaninsa da wasu magoya baya da kuma shugaban kulob Aldo Spinelli, sai ga mutumin da ya ƙi biliyan ya tattara ya tafi Shakhtar Donetsk ta Yukiren wajen Mircea Lucescu, kan kuɗi masu yawa. Wasu a Livorno ba su yafe masa wannan da wuri ba. Ni dai ban ga laifinsa ba, mutum ya kusa shekara 32 ya ba ku shekarunsa huɗu mafi kyau a farashin gida, kuma a can ne ya ɗanɗana gasar zakarun Turai har ya ci AC Milan ƙwallo a San Siro a wasan da aka doke su 4-1. Wata shida kawai ya yi ya dawo Parma, ya sake komawa Livorno aro a 2009-10 suka faɗi tare, sannan Mazzarri ya ja shi Napoli inda gwiwa ta hana shi sakat, ya rataye takalmi a 2012 da ƙwallo 120 a Serie A.

Yanzu ga inda ni sharhin ya fi damuna, wato bencin koci. Ya fara da yaran Parma ya ɗauki kofin ƙasa da su, kowa ya ce to ga sabon koci ya zo. A 2013 Perugia ta ɗauke shi, aka sallame shi tun kafin a buga wasan farko na gasar, ku ji fa. Daga nan yawon ya dawo sabo, Viareggio, Pistoiese, Tuttocuoio, Messina, duk a rukuni na uku, wuraren da wani lokaci ma albashi sai an yi da gaske. A Catania 2017-18 ya ƙare na biyu a bayan Lecce, ya je wasannin cike gurbi Siena ta fitar da su a bugun fenariti a wasan kusa da na ƙarshe.

Sai kiran da kowa yake jira ya zo a 2018, Livorno ta dawo Serie B ta ce ɗan gida ya zo ya riƙe. Bai wuce watan Nuwamba ba. Kulob na can ƙasan teburi aka sallame shi aka kawo Roberto Breda. Abin da ya yi masa aiki yana ɗan wasa, wato zuciya da son gari, a benci bai wadatar ba, domin ɗan wasa in ransa ya ɓaci yana iya tashi ya sa kai ya ci da kansa, koci kuwa sai dai ya tsaya a bakin layi yana ɗaga murya yana kallon wasu suna ɓarar da ƙwallo, kuma 'yan wasan da aka tara masa ba shi ya biya kuɗinsu ba.

Aikinsa mafi kyau a wani gari ya yi shi, Terni, garin masana'antar ƙarfe a Umbria. Ternana ta ɗauke shi a 2020, kuma mai kulob ɗin Stefano Bandecchi shi ma haifaffen Livorno ne amma a siyasa shi da Lucarelli hannun riga ne, attajiri ne mai ra'ayin 'yan dama wanda daga baya ya zama magajin garin Terni. Haka suka haɗu suka yi kaka ɗaya da ba a saba gani ba a Serie C, wato rukuni na uku, maki 90, ƙwallo 95, suka haye Serie B tun saura wasanni, kaka mai bi kuma suka ƙare na 10. Wannan ya nuna mutumin ya iya aikin in an ba shi 'yan wasa da ɗan lokaci, kuma ƙwallonsa ta kai hari ce kamar yadda za ka zata daga tsohon ɗan gaba.

Lokacin ne dai ba a bayarwa a can. A Italiya in mai kulob ya sallami koci yawanci kwantiragin bai mutu ba, ana ci gaba da biyansa yana zaune a gida, shi ya sa in sabon ya gaza sai a ɗaga waya a ce tsohon ya dawo tunda dama ana biyansa. Haka Ternana ta yi ta yi da shi, an sallame shi a Nuwamban 2022 an kawo Aurelio Andreazzoli, a Fabrairun 2023 an dawo da shi, an rabu a ƙarshen kaka, an sake kiransa kafin a fara sabuwa, a Nuwamban 2023 an sake kora. Wa aka kawo a madadinsa? Roberto Breda dai, wanda ya gaje shi a Livorno. Kafin watan ya ƙare Lucarelli ya koma Catania, nan ma zuwa Maris ɗin 2024 an sallame shi.

Ƙaninsa Alessandro kuwa, ɗan baya, akasin haka ya yi, ya zauna a Parma shekara goma, da kulob ɗin ya karye a 2015 aka jefa shi rukuni na huɗu bai gudu ba, yana kyaftin suka hau sau uku a jere har Serie A a 2018. Ita ma Livorno ɗin ta durƙushe a 2021 sai da ta koma rukuni na biyar ta faro daga tushe.

Sharhin kenan na yau, sai a gyara zama ga sakamakon wasannin ƙarshen mako.